Waiwaye: Gabriel Bacquier da yadda mawaƙan opera na Faransa suka bar gida

Tun da gidan opera na Paris ya sake ɗaukar wasu mawaƙa a matsayin 'yan gida a 2023, tsohuwar gardama ta sake tashi. Masu sha'awar wannan wasa, wanda galibi ake rera zancensa maimakon a faɗa, suna tambayar ina salon waƙar Faransa ya shige, kuma me ya sa Bafaranshe zai zauna kallon Carmen ko Faust amma sai ya ɗaga kai ya karanta rubutun saman dandamali kafin ya gane abin da ake rerawa da harshensa. Yawanci a farkon shekarun 1970 ake ɗora abin, lokacin da aka daina riƙe mawaƙa masu albashi na dindindin. Ni dai a ganina ruwa ya daɗe da cin ginin kafin ya faɗi, kuma rayuwar Gabriel Bacquier ta isa shaida.

Asalin labarin sananne ne. An kafa gidan a 1669 zamanin Sarki Louis na 14, kuma ƙa'idarsa ita ce komai da Faransanci. Masu tsara opera 'yan ƙetare ma ba su tsira ba: Rossini ya bi ta a Guillaume Tell a 1829, Verdi ya bi ta a Don Carlos a 1867, har Wagner sai da aka fassara masa Tannhäuser a 1861. A cikin wannan tsari muryar bariton ta yi suna, wato muryar namiji ta tsakiya, wadda ba ta kai tenor tsini ba kuma ba ta kai bas kauri ba. Ita ake bai wa uba, da miji mai kishi, da mugu, da amini. Jean-Baptiste Faure, wanda shi ne mutum na farko da ya fito a matsayin Rodrigue a Don Carlos da kuma Hamlet a 1868, shi ne ma'aunin da aka daɗe ana gwada na baya da shi.

Wannan gidan Bacquier, wanda shi ma bariton ne, ya tarar. An haife shi a Béziers, kudancin Faransa, a 1924. Ya yi karatun waƙa a Paris, ya yi shekara uku a gidan La Monnaie na Brussels daga 1953, ya shiga Opéra-Comique, wani gidan opera na Paris, a 1956, sannan babban gidan Paris a 1958. Ɗan gida a lokacin kamar yaron makaɗin fada ne. Yau ka yi ƙaramin matsayi, gobe babba, jibi ka tsaya a gefe kana sauraron na gaba da kai, har furucin kowane harafi ya zauna maka a baki. Wasannin Verdi da Puccini da Mozart ma da fassarar Faransanci aka saba yin su.

Sai 1960, shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba. A garin Aix-en-Provence akwai bikin waƙa na bazara da aka fara a 1948, a farfajiyar tsohuwar fadar babban limamin coci, kuma can da Italiyanci ake rera wasannin Mozart na Italiyanci, yadda aka rubuta su. Aka ba Bacquier matsayin Don Giovanni, aka watsa wasan ta talabijin zuwa ƙasashen Turai. Mutumin da jiya ɗan gida ne a Paris ya wayi gari ana neman sa a ƙetare. A 1962 yana Glyndebourne a Ingila a matsayin Almaviva na wasan Le nozze di Figaro na Mozart, a 1964 yana Metropolitan na New York.

Abin lura shi ne abin da ya sa hakan ta yiwu a daidai wannan lokaci. A watan Oktoban 1958 jiragen jet suka fara jigilar fasinja tsakanin New York da Paris. Tafiyar da a jirgin ruwa take cin kusan mako ta koma ta sa'o'i. Faifai mai dogon zango, wanda ya fito a 1948, ya riga ya shiga gidaje, kunnen masu saye ya saba da jin Tosca da Italiyanci daga bakin fitattun duniya. To, a duba lissafin mawaƙi. Idan ya haddace Scarpia, mugun cikin Tosca, da Faransanci, kasuwarsa ba ta wuce Paris da Lyon da Marseille da Brussels ba. Idan ya haddace shi da Italiyanci, Landan da Vienna da New York duk nasa ne, kuma kuɗin dare ɗaya a can ya fi ƙarfin a kwatanta shi da albashin gida. Wa zai ga laifinsa? Gwanaye suka riƙa fita, masu tasowa suka rasa wanda za su tsaya a gefensa su koya. Ko da aka zo rufe tsarin, rumbun ya riga ya yi sauƙi.

Abin dariya ma, a 1973 da gidan opera na Paris ya buɗe sabon babi da Le nozze di Figaro cikin Italiyanci, tare da taurari daga ƙasashe daban-daban, Bacquier ne Almaviva. Ya dawo gida a matsayin baƙo.

Shi kansa bai yar da abin da ya koya ba. Shi ne Guillaume Tell a cikakken faifan wasan da aka ɗauka da Faransanci a farkon shekarun 1970, tare da Montserrat Caballé da Nicolai Gedda, kuma shi ya rera miyagun nan huɗu na Les Contes d'Hoffmann tare da Joan Sutherland da Plácido Domingo. Golaud ɗinsa a Pelléas et Mélisande, mijin da kishi ya cinye, ko wanda bai ji Faransanci ba zai gane kowace gaɓa tana fita tsaf. Da shekaru suka ja sai ya karkata ga barkwanci, irin su Leporello da Don Alfonso da Don Pasquale, wanda da shi ya yi sallama da dandamali a 1994. Ya koyar a makarantar waƙa ta Paris, ya rasu a watan Mayun 2020, saura kwana huɗu ya cika 96.

Rubutun fassara na saman dandamali, wanda aka fara a Toronto a 1983, ya ƙarasa kashe buƙatar rera fassara. Faransa kuwa ba ta daina haifar bariton ba. Ludovic Tézier na Marseille yana cikin waɗanda aka fi nema a wasannin Verdi a yau, Stéphane Degout kuma ya yi suna da Pelléas. Masu kare sabon ayarin 'yan gida sukan tuna wa abokan gardamarsu cewa Tézier ma a irin wannan tsari ya taso, a Lucerne ta Suwizalan sannan a Lyon.