Idan fursuna ya tsere, me doka ta tanadar masa?

Galibin mutane na ɗauka cewa duk fursunan da ya haura katanga ya cika wandonsa da iska, ya jawo wa kansa sabon laifi ke nan. A Amurka kam haka abin yake. Sashe na 751 na kundin dokokin laifuka na tarayya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya gudu alhali ana tsare da shi kan babban laifi, ko yana zaman hukuncin da aka yanke masa. Ko yunƙurin gudun kaɗai ya isa a tuhume shi.

Jamus ta bi wata hanya daban. A can, gudun kansa ba laifi ba ne. Hujjarsu ita ce son 'yanci halitta ce a jikin ɗan Adam, bai kamata a hukunta mutum don ya bi abin da ke cikin jininsa ba. Sai dai masu yaɗa wannan magana a intanet sukan yanke ta a tsakiya. Wanda ya gudu, 'yan sanda za su bazama nemansa, in an kamo shi kuma ya ci gaba da zaman wa'adinsa daga inda ya tsaya. Kwanakin da ya yi a waje ba sa shiga lissafi. Hukumar gidan yari na iya ladabtar da shi, ta janye masa sassaucin da yake samu, sannan damar a sake shi bayan ya cinye kashi biyu cikin uku na wa'adin tana iya kuɓuce masa.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Da wuya mutum ya fita daga kurkuku bai taka wata dokar ba. Ya yanke ƙarfen taga, ɓarnar dukiya ce. Ya bugi gandiroba, rauni ne. Ya ba da cin hanci, wannan ma laifi ne mai zaman kansa. In fursunoni suka haɗa kai suka ɓalle da ƙarfin tsiya, sashe na 121 na kundin dokokin laifuka na Jamus ya kira shi bore, hukuncinsa daga wata 3 zuwa shekara 5. Wanda ya taimaka daga waje kuwa, sashe na 120 na jiransa da ɗaurin da zai kai shekara 3, in ma'aikacin gwamnati ne har 5. Wanda dokar ta ƙyale, a taƙaice, shi ne wanda ya tarar da ƙofa a buɗe ya sa kai. A ganina tsarin yana da ma'ana, domin ya ɗora nauyin kulle ƙofa a kan mai riƙe da makulli.

To idan fursuna ya ce tsoron ransa ne ya kore shi fa? Kotun Ƙolin Amurka ta duba wannan a 1980, a shari'ar wasu fursunoni da suka tsere daga wani gidan yari a birnin Washington a 1976, suna kukan duka da yawan tashin gobara. Kotun ta ce ba za a saurari wannan uzuri ba sai mutum ya nuna ya yi ƙoƙarin miƙa kansa ga hukuma da zarar haɗarin ya wuce. Su kuwa sun yi wata ɗaya zuwa sama da uku a ɓoye kafin a cafke su, don haka uzurin nasu bai karɓu ba.