Alƙalin wasan ƙwallon ƙafa na ƙasa da ƙasa

Alƙalin wasa na ƙasa da ƙasa shi ne wanda sunansa ke cikin jerin da hukumar FIFA ke fitarwa kowace shekara, wanda ke da izinin hura wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, ko tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban. A filayen Yamai da Tahoua an fi kiransa arbitir, mataimakansa biyu kuma masu tuta. Ana gane shi da bajon FIFA a ƙirjin riga, da shekarar da aka ba shi rubuce a jiki. Bajon nan aro ne. Yana aiki daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, wanda kuma ya hura manyan wasanni bana yana iya wayar gari baɗi babu sunansa a jerin.

Hanyar hawa

Ba a neman bajon kai tsaye daga FIFA. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ce ke miƙa sunaye, a Nijar kuwa FENIFOOT ce, kuma kowace ƙasa da adadin guraben da aka ware mata. Kafin a kai nan mutum ya sha rana: yakan fara da wasannin yara da gasannin unguwanni na babban hutu, inda babu shinge tsakaninsa da ƴan kallo, ya hau gasar jiha, sannan babbar gasar ƙasa. A kowane mataki akwai jarrabawar dokoki, akwai kuma tsohon alƙali zaune a gefe da takarda yana ba shi maki.

Mafi ƙarancin shekarun shiga jerin 25 ne ga alƙalin tsakiya, 23 ga mai tuta. A da duk wanda ya cika 45 sai ya ajiye usur a wannan mataki. FIFA ta janye iyakar, amma tana iya neman ƙarin binciken lafiya ga wanda ya haura ta. Tsakiya da tuta hanyoyi biyu ne, kowace da jerinta, shi ya sa matashi ke zaɓar ɗaya tun da wuri.

Sabon mai bajo daga Nijar yakan fara da gasannin matasa na shiyyar Afirka ta Yamma da zagayen farko na kofunan ƙungiyoyi na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF. Idan makinsa ya yi kyau sai wasannin neman gurbi, daga nan Kofin Afirka. Kofin Duniya ƙofa ce matsattsiya: a Katar a 2022 alƙalan tsakiya 36 aka ɗauka a duniya baki ɗaya, da mataimaka 69, da masu kula da bidiyo 24. Wanda ya yi karatu da Faransanci yana da ƙarin aiki, domin da Ingilishi ake gudanar da horon manyan gasannin FIFA.

Gwajin ƙarfin jiki

Nan ne aka fi zubar da mutane. Ana yin gwajin a kan hanyar tsere ta mita 400, irin wadda ta kewaye filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, kuma kashi biyu ne. Na farko gudun mita 40 sau 6, kowane a cikin daƙiƙa 6.00 ga maza, 6.40 ga mata, da hutun da bai wuce daƙiƙa 60 ba a tsakani. Wanda ya makara sau ɗaya ana ba shi gudu na bakwai. Ya makara sau biyu, ya faɗi.

Kashi na biyu ya fi cin rai. Gudun mita 75 a daƙiƙa 15, tafiyar mita 25 a daƙiƙa 18, a maimaita sau 40, wato kewaya filin sau 10, mita 4,000. Mata suna da daƙiƙa 17 da 20. Da an busa, dole ƙafar mai gudu ta riga ta taka wurin da aka shata. Kuskuren farko gargaɗi ne, na biyu fita. Zagayen farko ba su da wuya, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Wajen zagaye na bakwai tafiyar mita 25 ta daina isa numfashi ya dawo, ƙafa ta yi nauyi, sai ka ga mutum ya rage taku ɗaya a bakin layi. Masu tuta kuwa gudunsu mita 30 ne sau 5 a daƙiƙa 4.70 ga maza, da wani gwajin gudun gefe, irin wanda suke yi a bakin layi suna fuskantar fili.

A Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, lokacin atisaye mai amfani shi ne bayan sallar asuba. Yawancin alƙalan Afirka suna da wani aikin da suke ci da shi, don haka gudun nan kafin a tafi aiki ake yinsa. Wanda ya bari sai saura makonni kaɗan ya fara shiri, tsokar bayan cinya ce ke fara ba shi labari a gudun mita 40.

Doka da ranar wasa

Dokokin wasa 17 ne, hukumar tsara dokokin ƙwallo ta IFAB ce ke riƙe da su, sababbin gyare-gyare kuma suna fara aiki ranar 1 ga Yuli. Doka ta 5 ta alƙali ce, ta 6 ta mataimakansa. Wanda bai bi gyaran shekara ba zai yi hukunci da dokar da ta mutu: tun kakar 2025/26, mai tsaron gida da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kusurwa ake ba abokan hamayyarsa.

A wasan gasa ba a ba alƙali wasan ƙasarsa. Da ya isa fili sai ya duba raga ko da huji, ya duba layuka, ya gwada ƙwallo: kewayenta santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450. Yana shiga da usur, agogo, katin gargaɗi da jan kati, da abin rubutu. Ƙungiyar da ƴan wasanta ba su kai 7 ba, babu wasa. Idan zafi ya tsananta doka ta yarda da hutun shan iska na daƙiƙa 90 zuwa minti 3, a mayar da lokacin a ƙarshe.

Gudunsa a karkace yake, daga wannan kusurwa zuwa waccan, don ƙwallo ta riƙa kasancewa tsakaninsa da mai tuta. Yakan ci kilomita 10 ko fiye a wasa guda. Yawancin kurakurai a da'irar mai tsaron gida daga wurin tsayawa suke fitowa: alƙalin da ke bayan ɗan wasa sak, ko da taku biyar ne tsakaninsu, ba ya ganin ko ƙwallo aka taɓa ko ƙafa. Haka mai tuta. Dole ya tsaya daidai da ɗan baya na biyu daga ƙarshe, in ya gota da taku ɗaya sai ya ga satar gida inda babu.

Na'urar bidiyo ta VAR ta shiga doka a 2018, ta iso Kofin Afirka a Masar a 2019 daga zagayen ƙungiyoyi takwas. Abubuwa huɗu aka keɓe mata tun farko: cin ƙwallo, bugun daga kai sai mai tsaron gida, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Hukuncin ƙarshe yana hannun na tsakiya.

Abin da ke kashe aikin

Kuskure ana yafe shi bayan ɗan dakatarwa. Janny Sikazwe na Zambiya ya tashi wasan Tunisiya da Mali na Kofin Afirka a Kamaru a Janairun 2022 tun lokaci bai cika ba, har sau biyu, cikin tsananin zafi, amma ya hura wasa a Katar a shekarar. Cin amana ne ba a dawowa daga gare shi. Joseph Lamptey na Gana ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal a Nuwambar 2016 alhali ƙwallon gwiwar ɗan bayan Senegal Kalidou Koulibaly ta buga. FIFA ta kore shi har abada, aka sake wasan, Senegal ta ci 2-0. Nijar ma ta ɗanɗana wannan: a Janairun 2019 FIFA ta haramta wa Ibrahim Chaibou harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa saboda karɓar cin hanci, da tarar kuɗin Suwizalan 200,000.

Waɗanda suka kai nesa

Said Belqola na Maroko ne ɗan Afirka na farko da ya hura wasan ƙarshe na Kofin Duniya, Faransa da Brazil a 1998. Bakary Gassama na Gambiya ya je gasar sau uku, 2014, 2018 da 2022. Salima Mukansanga ta Ruwanda ce mace ta farko da ta jagoranci wasa a Kofin Afirka na maza, Zimbabwe da Gini a 2022.

A Nijar sunan da ake fara ambata shi ne Lucien Bouchardeau, haifaffen Yamai a 1961. Ya hura wasa a Kofin Afirka da wasannin Olamfik na 1996, sannan ranar 11 ga Yunin 1998 aka ba shi wasan Italiya da Chile na Kofin Duniya a Bordo ta Faransa. Chile na gaba da ci 2-1, duka biyun daga Marcelo Salas, saura kamar minti biyar a tashi. Roberto Baggio na Italiya ya buga ƙwallo daga kusa, ta daki hannun Ronald Fuentes na Chile a cikin da'ira. Bouchardeau ya nuna wurin fenariti, Baggio ya ci, aka tashi 2-2. Ƴan Chile sun dage cewa ƙwallo ce ta je ga hannu, kuma irin wannan gardama ta sa IFAB ta yi ta sake rubuta dokar taɓa ƙwallo da hannu a shekarun baya-bayan nan. Wasan nan shi kaɗai ya hura a gasar. Ya rasu a Yamai a watan Fabrairun 2018.