Elvis Presley

Elvis Aaron Presley (8 ga Janairu 1935 zuwa 16 ga Agusta 1977) mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim ɗan ƙasar Amurka, wanda ake yi wa kirari da Sarkin kiɗan rock and roll.

Tasowarsa

An haife shi a garin Tupelo na jihar Mississippi, a gida mai ɗaki biyu da mahaifinsa Vernon ya gina. 'Yan biyu aka haifa, amma ɗan'uwansa Jesse Garon bai zo da rai ba, shi kaɗai ya tashi a gaban mahaifiyarsa Gladys. Talakawa ne, kuma a cocin da suke zuwa ya fara sabawa da waƙa. Yana ɗan shekara 11 aka saya masa jita. A 1948 suka yi ƙaura zuwa Memphis ta jihar Tennessee, inda kunnensa ya sha kiɗan blues na baƙaƙen fata da kiɗan country na Turawan karkara, a zamanin da doka ta raba jinsunan biyu a makarantu da wuraren taro.

Faifan farko

Bayan ya gama sakandaren Humes a 1953 ya kama aikin tuƙin motar kaya. A watan Yulin 1954 Sam Phillips, mai kamfanin faifai na Sun, ya haɗa shi da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai kaɗa bass. Sun daɗe suna gwaji ba su dace ba, sai a lokacin hutu Elvis ya ɗauko "That's All Right" ta Arthur Crudup yana rera ta da sauri cikin wasa, sauran biyun suka bi shi. Phillips ya ce a maimaita, ya naɗa. Da aka sa ta a rediyon Memphis, masu sauraro da yawa sun zaci baƙar fata ne, har mai gabatar da shirin ya tambaye shi makarantar da ya yi don a gane jinsinsa. Faifai biyar kacal ya fitar a Sun, amma masana da dama su suke ɗauka a matsayin mafi kyawun aikinsa, kuma da gaskiyarsu.

A ƙarshen 1955 kamfanin RCA Victor ya sayi kwantiraginsa a kan dala 35,000, da hannun Kanar Tom Parker wanda ya zama manajansa. "Heartbreak Hotel" ta fito a Janairun 1956 ta hau kan gaba a kasuwa. Rawar ƙugun da yake yi ta tayar da hankalin iyaye da limaman coci. A fitowarsa ta uku a shirin talabijin na Ed Sullivan, cikin 1957, daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi.

Soja da fina-finai

Ya yi aikin soja daga 1958 zuwa 1960, mafi yawansa a Friedberg ta Jamus. Mahaifiyarsa ta rasu a Agustan 1958. Da ya dawo, fim ya cinye masa shekaru. Ya fito a fina-finai 31, akasarinsu marasa nauyi. Ya auri Priscilla Beaulieu a 1967, suka haifi Lisa Marie a 1968, auren ya mutu a 1973.

Shirin talabijin na NBC a 1968 ya dawo masa da martabarsa. Daga 1969 ya koma wasa a Las Vegas, a 1973 kuma aka watsa wasansa daga Hawaii ta tauraron ɗan Adam. Ban da Kanada a 1957, bai taɓa wasa a wata ƙasar waje ba. Kyaututtukan Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin coci ne.

Rasuwarsa

Ya rasu a gidansa Graceland yana da shekara 42. A hukumance ciwon zuciya aka ambata, wasu kuwa na ɗora alhakin a kan yawan magungunan da likitoci ke rubuta masa. Ana kuma saɓani kan ko ya buɗe wa kiɗan baƙaƙen fata ƙofa ne, ko ya ci ribar da ta fi cancantar masu shi, irin su Big Mama Thornton wadda ta riga shi rera "Hound Dog". An buɗe Graceland ga masu ziyara a 1982.