Aljihun Maƙogwaro na Zenker

Aljihun maƙogwaro wata 'yar jaka ce da ke ɓullowa a bangon baya na ƙasan maƙogwaro, daidai inda bututun abinci ya fara. Likitoci sun fi kiransa aljihun Zenker. Abinci da yawu kan faɗa cikinsa su kwanta, maimakon su wuce ciki. Ya fi kama dattawa, galibi waɗanda suka haura shekara 60, kuma an fi ganinsa ga maza.

Tarihi

Bayani na farko da aka fi ambata shi ne na Abraham Ludlow, likitan tiyata a Bristol ta Ingila, wanda ya ga jakar a gawar wani mutum da haɗiya ta gagara har ya rasu. An buga rahotonsa a wajajen 1769, ko da yake wasu na ja da shekarar baya kaɗan. Sunan da ya bi ciwon kuwa na Friedrich Albert von Zenker ne, masanin cututtuka a Erlangen ta Jamus. A 1877 shi da Hugo von Ziemssen suka tattara abin da aka sani a lokacin, suka nuna cewa matsi ne daga ciki ke tura bangon waje, ba wani abu ke jan sa daga waje ba. A 1908 Gustav Killian ya nuna ainihin gurbin da bangon ke da rauni, kuma har yau da sunansa ake kiran wurin.

Tiyatar farko-farko ta hanyar yanka gefen wuya ake yin ta, kuma tana da haɗari ƙwarai, domin idan ɗinki ya yi yoyo ƙwayoyin cuta na gangarawa cikin ƙirji, ga shi a lokacin babu magungunan kashe su. A 1917 Harris Mosher na Boston a Amurka ya gwada bi ta baki ya yanke shamakin da ke tsakanin jakar da bututun abinci, amma ya daina bayan da wani majinyaci ya rasu. Gösta Dohlman na Suwidin ne ya farfaɗo da dabarar, ya riƙa yankawa da wutar lantarki mai tsai da jini, aka buga sakamakon aikinsa a 1960. A 1993 aka fara amfani da na'urar da ke yanka tana ɗinkewa da ƙananan ƙarafa lokaci guda, sannan a wajajen 1995 aka fara yin aikin da bututun kyamara mai lanƙwasuwa.

Dalili

A bakin bututun abinci akwai wata tsoka da ta zagaye shi kamar bakin zabira: a tsuke take kullum, sai an zo haɗiya ta saki. Idan shekaru suka ja, ko tsokar ta yi tauri, sai ta ƙi buɗewa yadda ya kamata. Maƙogwaro na turo loma da ƙarfi, ƙofa ba ta buɗe sosai ba, sai tantanin ciki ya kutsa ta wurin nan mai rauni da ke sama da tsokar. Da farko ɗan lotsawa ne kawai. Da shekaru suka tafi sai ya zama jaka mai lilo a bayan bututun, yawanci ta karkata hagu. Tantani ne kaɗai ke fita, ban da tsoka, shi ya sa jakar ba ta iya matse abin da ya shige ta.

Ana danganta shi da ƙwannafi mai tsanani, amma masana ba su daidaita a kan haka ba.

Akwai 'yan uwansa: aljihun Killian-Jamieson da ke fita ta gefe a ƙasan tsokar, da wanda ke tsakiyar ƙirji sakamakon kaluluwar tarin tibi da ta manne wa bututun ta ja shi, da kuma na can ƙasa kusa da tumbi.

Alamomi

Babbar alama ita ce wahalar haɗiya. Mutum ya ci tuwon dare, ya kwanta, can cikin dare ko da asuba sai loma ta dawo masa baki yadda ya haɗiye ta, ba ta narke ba, ba ta da tsamin amai. Akwai warin baki da asuwaki ba ya kawar da shi, da ƙarar ƙugi a wuya, da yawan ƙwarewa, da tarin dare. Ƙwayar magani ma kan maƙale a ciki. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abinci ya zube cikin huhu ya jawo ciwon huhu a kai a kai, dattijo kuma ya yi ta rama saboda tsoron ci.

Ganowa da magani

Ana gano shi ta hoton eksire, majinyaci na shan farin ruwan bariyom, wani sinadari da ke fitowa a hoton, ana ɗauka daga gefe. Zura kyamara ba tare da sanin akwai jakar ba na iya huda ta.

Ƙaramin aljihun da ba ya damun mai shi ana ƙyale shi, a ba da shawarar tauna abinci sosai da kora ruwa. Babu maganin sha da ke shafe shi. Idan ya matsa, tiyata ce, kuma ginshiƙinta yanke tsokar nan mai tauri. In an cire jaka an bar tsokar, ciwon kan dawo. Aikin ta baki ya fi saurin warkewa, na wuya kuma ya fi rage dawowar ciwon.

A Zariya

Rahotanni sun fi yawa daga arewacin Turai, a Afirka kuwa kaɗan ne. Ko ƙarancin ciwon ne ko ƙarancin bincike, ana ta muhawara. A ƙasar Zazzau, dattijon da haɗiya ta yi wa wuya sau da yawa komawa yake ga koko da kunu, iyali su ce tsufa ne, wasu kuma su nufi wanzami a cire beli, alhali beli ba shi da hannu a lamarin. Wannan jinkiri yana da illa, domin kansar bututun abinci ma da wahalar haɗiya take farawa. Irin wannan matsala ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro ce a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.