Dokar shayarwa ta Gana ba uwa take kamawa ba, kamfani take kamawa

Mata da yawa a zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Sawaba da Asawase, in nas ta ce musu kar a ba jariri komai sai nono har wata 6, ɗauka suke ra'ayinta ne kawai ko kuma wani sabon salo na Turawa. Toh akwai doka a bayan maganar. Sunanta L.I. 1667, an kafa ta tun 2000, ta samo asali ne daga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya wato WHO ta fitar a 1981 kan yadda ake tallan madarar jarirai, kuma hukumar kula da abinci da magunguna wato FDA ce ke sa ido a kanta.

Abin da za a fara ganewa shi ne babu inda dokar ta ce a hukunta uwa don ta ba ɗanta madarar gwangwani. Ba a hana sayar da madarar ba ma, don akwai jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai wadda likita da kansa ya hana ta shayarwa. Talla aka hana. Kamfani ko dillalinsa ba shi da ikon tallata madarar jarirai ko kwalbar shayarwa ko robar tsotso, ba a rediyo ba, ba a allon titi ba, ba ta hanyar rage farashi don a ja hankalinki ba. An kuma hana raba samfurin kyauta, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a ganina, saboda dabarar tsohuwa ce, a ba mai jego gwangwani ɗaya kyauta tun tana kan gadon asibiti, yaro ya saba da kwalba ya rage tsotso, nono kuwa in ba a tsotsonsa raguwa yake, kafin gwangwanin ya ƙare ruwan nonon ya ja baya, daga nan sai saye, kuma kowa ya san abin da kuɗinmu sidi yake ciki.

A cikin asibiti ma haka. Ba a yarda a manna fasta ko kalanda mai tallan madarar kamfani a ɗakin awo ba, kuma an taka wa kamfanoni burki wajen yi wa ma'aikatan lafiya alheri don su riƙa yabon kayansu. Jikin gwangwanin kansa dole a rubuta cewa nonon uwa ya fi, da yadda ake haɗawa, da ranar lalacewa. Wanda ya karya dokar akwai tara, akwai ɗauri. Saboda haka in wani ya tare ki a ƙofar asibiti ya miƙa miki madara wai kyauta ce daga kamfani, shi ne mai laifi ba ke ba, kuma ofishin FDA na nan Kumasi ake kai irin wannan ƙara.

Dokar ta kuma ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin taimaka wa uwa ta shayar. Nan ne ta haɗu da tsarin asibiti mai ƙaunar jariri da WHO da UNICEF suka fito da shi a 1991 mai matakai 10. A aikace ma'anarsa da kin haihu a ɗora miki jaririn a ƙirji fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya, a bar shi kusa da ke dare da rana, kar a ba shi ruwan sukari ko madara sai da dalilin likita, kuma kafin a sallame ki a zauna a nuna miki yadda zai kama nonon da kyau, bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa har da baƙin da ke kewaye da kan nonon. Ko a Komfo Anokye kika haihu ko Manhyia ko wani ƙaramin asibitin unguwa, haƙƙinki ne ki ce "Sista don Allah zo ki duba min, zafi nake ji", ba roƙon alfarma kike ba. Yawancin tsagewar kan nono daga kamu mara kyau yake zuwa, abu ne da ake gyarawa a zama ɗaya amma kunya ke sa 'yar fari ta yi shiru.

To amma asibiti kwana nawa ake yi a ciki? Sauran wata shidan a gida ne, kuma gida babu L.I. 1667, akwai Hajiya uwar miji. Ita ta rainu bakwai ko takwas, da ta ga yaro na kuka da zafin rana za ta ce ƙishi yake ji a ɗiga masa ruwa, wata ta kawo rubutu, wata zuma, wata ta ce a matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne. Da kyakkyawar niyya suke yi wallahi. Sai dai sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, yana kashe ƙishi ko a watan Maris, ruwan da aka ƙara kuwa cika masa ɗan cikinsa yake ya rage tsotso, ga hanyar gudawa. Dakashin nan mai kauri ruwan ɗorawa shi ke ɗauke da garkuwar jiki ta farko. Zuma kuma likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba. Nono zalla yana nufin nono kaɗai, sai maganin asibiti ko ORS wato ruwan gishiri da sukari na gudawa in an rubuta. Bayan wata 6 a fara koko da sauran abinci mai laushi ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, wanda dama abin da muka karanta ke nan a makaranta cikin Suratul Baƙara aya ta 233.

Amarya mai haihuwar fari ba za ta iya ja da uwar miji ba, kar ma a ɗora mata wannan. Aikin maigida ne ya ce "Hajiya, asibiti sun ce a dakata da ruwan tukuna", ko mafi sauƙi a tafi awo tare da Hajiyar ta ji daga bakin nas, ta ga nauyin jikanta yana hawa a littafin awo. Nas-nas na unguwa da ke ƙarƙashin tsarin kai kiwon lafiya cikin unguwanni wato CHPS suna shiga gidaje, kuma akwai ƙungiyoyin iyaye mata masu taimakon juna, da magajiyoyinmu za su riƙa gayyato nas wajen taron suna da na adashi da an rage gardama sosai.

Sai maganar aiki, inda ni dai nake ganin gwamnati ta yi tufka da warwara. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, sashe na 57 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na aƙalla sati 12 da cikakken albashi, a ƙara aƙalla sati 2 in haihuwar ta zo da matsala ko tagwaye ne. In ta koma aiki tana da awa ɗaya a cikin lokacin aiki don shayarwa, kuma ana biyanta awar. Ba a korarta don ta tafi hutun, ba a sa ta obataya sai da yardarta muddin ɗanta bai kai wata 8 ba. Duk da kyau. Amma sati 12 ko wata 3 cikakku bai kai ba, ga ma'aikatar lafiya na cewa wata 6, kuma awa ɗaya me za ta yi wa wadda ke zaune a Sawaba tana aiki a Adum can tsakiyar gari da wannan cunkoson? An daɗe ana kiran a ƙara hutun. Sannan dokar mai albashi ta sani. Mai sayar da wake da shinkafa, mai ɗinki, mai tebur a kasuwar Kejetia, 'yan kayayo masu dako, babu mai biyansu hutu, ana gama suna ko arba'in sun koma nema, kuma su ne suka fi yawa a cikinmu.

Alƙaluma ma sun nuna abin hawa da sauka yake. A 2008 kashi 63 cikin 100 na jariran Gana 'yan ƙasa da wata 6 nono zalla suke sha, ya sauko 52 a 2014, ya faɗi 43 a binciken 2017 zuwa 2018, sannan ya dawo 53 a 2022. Duk tsawon lokacin nan dokar shayarwar tana nan ba a soke ta ba.

Wadda za ta koma kasuwa ko ofis, tun kafin ranar ta sa nas ta koya mata tatsa. A wanke hannu, a tatsa a kofi mai murfi, yana kai wajen awa 4 a inuwa bai lalace ba, a firji ya fi haka. Mai raino ta ba shi da ƙaramin kofi maimakon kwalba, don kofi ya fi sauƙin wankewa kuma yaro ba zai ƙi nono ba in uwar ta dawo. In kuma ma'aikaciya ce aka hana ta hutun ko awar shayarwa, ta fara da ƙungiyar ma'aikatansu, in ba a daidaita ba ta kai ƙara ofishin ƙwadago.