Masu Kamu Ɗaya: Mawaƙan da Duniya Ta Sani da Waƙa Guda

Ranar su a Argungu, dubban masunta ke afkawa cikin kogin Matan Fada da gora da koma, kuma a ƙarshe mutum ɗaya ake ɗagawa sama saboda giwan ruwan da ya fito da shi. Ranar kowa ya ji sunansa. Ba wanda ke tambayar shekara nawa ya yi yana kama karfasa da tarwaɗa kafin wannan rana, ko me zai ci gaba da kamawa bayanta. A duniyar waƙa akwai irin waɗannan masunta, kuma su ne nake kira masu kamu ɗaya.

Wane ne mai kamu ɗaya?

Mawaƙi ne ko ƙungiyar mawaƙa da waƙarsu guda ta cika duniya, daga nan ba su sake yin wata da ta kai ko rabinta ba. Turawa na ce masa one-hit wonder. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Amurka ne, wato jadawalin waƙoƙi ɗari da mujallar Billboard ke fitarwa kowane mako tun 1958. Wanda ya shiga sahun arba'in na farko sau ɗaya tak bai sake ba, sai a liƙa masa sunan.

Wannan ma'auni yana da huji. Jimi Hendrix, wanda masu jita har gobe ke koyi da hannunsa, sau ɗaya ya shiga arba'in ɗin nan a Amurka, da "All Along the Watchtower" a 1968. In za a bi lissafi zalla, shi ma mai kamu ɗaya ne, amma babu mai hankalin da zai faɗi haka.

Wace waƙa ce giwan ruwan wannan kogi?

Da wuya a samu wadda ta fi "Macarena" nauyi. Wasu dattawa biyu ne 'yan Sifaniya suka yi ta, Antonio Romero da Rafael Ruiz, mutanen garin Dos Hermanas kusa da birnin Sevilla. Sunan ƙungiyarsu Los del Río, wato 'yan kogi, sai ka ce da gangan aka raɗa shi don wannan zance namu. Tun shekarun 1960 suke waƙa irin ta kudancin ƙasarsu. A 1993 suka fitar da "Macarena", sannan wasu masu haɗa sauti a Miami da ake kira Bayside Boys suka sake gyara ta, suka sa mata baitocin Turanci. Wannan gyararriyar ce ta yi mako 14 a saman jadawalin Amurka a 1996. Aka yi ta rawarta a bukukuwan aure da filayen wasa, har da babban taron jam'iyyar Demokrat na wannan shekara. Lokacin mutanen biyu sun doshi hamsin, sun yi shekara talatin suna jefa koma kafin ta cika.

To sa'a ce kawai ke nan, ba iyawa ba?

Nan ne nake ganin ana zaluntar mutane da yawa. Sau tari wanda ke kiran mawaƙi mai kamu ɗaya shi ne kifin rijiya: ruwan da yake ciki kaɗai ya sani, sai ya ɗauka nan duniya ta tsaya.

Ɗauki a-ha, samari uku daga Norway. Ba'amurke ya san su da "Take On Me" ta 1985 da bidiyonta mai zanen fensir, shi ke nan. Amma a Ingila wata waƙarsu daban ce ta hau matsayi na ɗaya a 1986, a 1987 kuma su aka ba waƙar fim ɗin James Bond, kuma sun yi shekaru suna cika filaye a Turai da Kudancin Amurka. Nena ta Jamus haka take: waje an san ta da "99 Luftballons", a gida kuwa ta yi shekara arba'in tana fitar da faifai. Psy na Koriya ta Kudu ya fara tashe a ƙasarsa tun 2001, shekara goma sha ɗaya kafin "Gangnam Style" ta zama bidiyon farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube a Disambar 2012.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Kyu Sakamoto na Japan. Waƙarsa ta baƙin ciki ce, ta mutumin da ke tafiya kansa a ɗage don kada hawaye su zubo. Da ta isa ƙasashen Turawa sai aka ga sunanta na asali zai yi wa bakinsu nauyi, aka sa mata "Sukiyaki", sunan wani abincin nama da ba shi da alaƙa da waƙar ko kaɗan. Da wannan suna ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1963. A Japan kuwa Sakamoto babban mawaƙi ne kuma ɗan wasa har ranar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1985.

Mu 'yan Afirka mun fi kowa sanin wannan ciwo. Mory Kanté na Gini ɗan gidan maroƙa ne na gado, makaɗin kora (wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa), ya yi zamani a Rail Band ta Bamako tare da Salif Keita. Bature kuwa "Yé ké yé ké" ta 1987 kaɗai zai tuna maka. Manu Dibango na Kamaru ya yi sama da shekara sittin yana busa sakso. "Soul Makossa" ma a bayan faifai aka sa ta, gaban faifan waƙar gasar cin kofin Afirka ta 1972 ce, wadda Kamaru ta karɓi baƙunci. Ita ce ta tsallaka teku ta shiga jadawalin Amurka a 1973, har Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya sa a tasa waƙar, Dibango ya kai ƙara aka sasanta. Kanté da Dibango duk a 2020 suka rasu. Kiran irin waɗannan mutane masu kamu ɗaya bai nuna komai game da su ba, iyakar rijiyar mai kiran ya nuna.

Waɗanda da gaske ba su sake kamawa ba fa, me ya hana su?

Tashe kamar tarwaɗa yake, santsi gare shi, kana ƙara matsa shi yana ƙara sulluɓewa. Akwai waƙar da rawarta ce ta ɗauke ta, ko wani amshi mai maƙalewa a kunne, jama'a suka so waƙar ba tare da sun damu da mai ita ba. Irin wannan in mawaƙi ya sake yin mai kama da ita a ce maimaici ne, in ya canza salo a ce ba shi ba ne. Akwai kuma shingen harshe: gidajen rediyon Amurka kan buɗe ƙofa ga waƙar baƙon harshe sau ɗaya don marmari, sannan su rufe. Kamfanonin faifai su ma ba su da haƙuri, da zarar waƙa ta biyu ta gaza sai su ci moriyar ganga su yada kwaurenta.

Amma akwai waɗanda da kansu suka naɗe komarsu. Bobby McFerrin ya yi "Don't Worry, Be Happy" a 1988 ba tare da kayan kiɗa ko ɗaya ba, duk sautin da ke cikinta daga bakinsa da jikinsa ya fito, kuma ita ce waƙa ta farko irin wannan da ta hau saman jadawalin. Da George Bush babba ya ɗauke ta yana yaƙin neman zaɓe da ita, McFerrin ya fito ya nuna rashin yardarsa, ya daina rera ta a wasanninsa. Ya koma jaz da jagorantar manyan ƙungiyoyin makaɗa, ya tara kyaututtukan Grammy goma. Gotye, haifaffen Beljiyam da ya tashi a Ostareliya, ya girgiza duniya da "Somebody That I Used to Know" tare da Kimbra, ta ci Grammy ta faifan shekara a 2013. Maimakon ya bi bayanta sai ya koma ƙungiyarsa ta da, ya kuma duƙufa kan raya wani tsohon kayan kiɗan lantarki na Faransa mai suna ondioline. Ina ganin girman mutanen nan biyu, domin barin ruwa alhali kifi na shigowa ba ƙaramin sanin kai ba ne.

Kifi ɗaya zai iya ciyar da mutum har tsufa?

Zai iya, in a komarsa ya faɗa. Babban kuɗin waƙa na dogon zango yana zuwa ne ga wanda ya rubuta ta da wanda ke riƙe da haƙƙin mallakarta. Duk lokacin da aka sa ta a rediyo, ko fim, ko talla, ko wani ya sake rera ta, su ake biya. Wanda ya ba da murya kawai, rabonsa bai kai nasu ba.

Norman Greenbaum shi ya rubuta "Spirit in the Sky" da kansa a 1969. Waƙar nan gaiwa ce: ta shige laka ta yi shiru, da ruwa ya sauka sai ta motsa. Sau uku ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, a bakinsa a 1970, a bakin wata ƙungiya a 1986, sannan a bakin wani matashi a 2003, ban da fina-finai da tallace-tallace masu ɗimbin yawa. In aka sa ta a fim ko talla yana da kasonsa.

Wasu kuwa a tafkin wani suka yi su. Lou Bega, Bajamushen da mahaifinsa ɗan Yuganda ne, ya gina "Mambo No. 5" ta 1999 a kan kiɗan da Pérez Prado na Kyuba ya yi tun 1949, don haka sunan Prado na cikin marubuta, kuma kaso na tafiya can. "Who Let the Dogs Out" ta ba Baha Men na tsibiran Bahamas kyautar Grammy a 2001, amma Anslem Douglas na Tirinidad ne ya rubuta ta tun 1998.

An cika zancen kifi, shin akwai kifi na gaske a wannan labari?

Akwai, har biyu. Wajajen shekarar 2000 wani kifin roba mai suna Big Mouth Billy Bass ya cika gidaje da ofisoshin Amurka. A kan allo yake kamar wanda masunci ya rataye don tunawa, in ka matso sai ya juyo da kai, ya kaɗa jela, ya buɗe baki yana waƙa. Ɗaya daga cikin waƙoƙi biyun da yake rerawa ita ce ta McFerrin. Shi kansa kifin tashe guda ya yi.

Na biyu shi ne "Baby Shark", waƙar yara kan iyalin kifin shak, wadda Pinkfong, masu shirya waƙoƙin yara a Koriya ta Kudu, suka sa a YouTube a 2016. Asalinta waƙar wasa ce da yara suka daɗe suna yi a sansanonin hutu. Ta shiga arba'in ɗin Billboard a Janairun 2019, ta zama bidiyon da aka fi kallo a YouTube a Nuwamban 2020, a Janairun 2022 kuma ta fara ƙetare kallo biliyan 10.

A Najeriya wa za a nuna?

Sunan da ke fara zuwa baki shi ne Prince Nico Mbarga, kuma ina faɗinsa da girmamawa. An haife shi a Abakaliki a 1950, uwarsa 'yar Najeriya, ubansa ɗan Kamaru. Yaƙin basasa ya kore shi zuwa Kamaru, a can hannunsa ya faɗa kan salon jita irin na Kwango. Ya kai "Sweet Mother" kamfanin EMI suka ƙi karɓa. Wani ƙaramin kamfani a Onitsha, Rogers All Stars, shi ya fitar da ita a 1976 tare da ƙungiyarsa Rocafil Jazz.

Dalilin kamuwarta a fili yake. Da Turancin buroka ya yi ta, wanda ɗan kasuwa a Kano da na Accra da na Duwala duk suna ji, kuma zancenta zancen uwa ne, wahalar da ta sha da ɗawainiyar goyo. Ba ta buƙatar wata rawa ta musamman ko bidiyo. Shi ya sa ba ta mutu ba kamar yadda waƙoƙin yayi ke mutuwa, har yau ana sa ta a biki in za a karrama uwar ango ko ta amarya, kuma za ka ga manyan mutane suna share ido.

Nico ya ci gaba da fitar da faifai bayanta, masoyansa na tuna "Aki Special", amma babu wadda ta kai ta farkon. Ya zuba abin da ya samu a harkar otal a garin Ikom na jihar Kuros Riba, ɗaya daga ciki ya sa masa sunan waƙar. Ya rasu a haɗarin babur a Kalaba cikin watan Yunin 1997, yana da shekara 47.