AfCFTA da hajar Kano: wane kaya ake sassauta wa kuɗin fito?

Idan ana maganar dunƙulewar tattalin arzikin duniya, ana nufin rage shingen da ke hana kaya da jari tsallaka iyakoki. Kano ta ɗanɗana ɗacin abin: yadi da atamfar China sun cika Kantin Kwari, masaƙu da dama a Sharada da Bompai sun rufe. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, ita ce ƙofar da mu ma za mu fitar da namu.

Nijeriya ta sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Ƙasashe sun amince su janye kuɗin fito sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Kashi 7 za a jinkirta su, kashi 3 kuma ba a taɓa su.

Inda 'yan kasuwa ke yawan tuntuɓe shi ne ƙa'idar asalin kaya. Sassaucin na kayan da aka noma ko aka ƙera a Afirka ne kawai. Riɗi, zoɓo da citta da ake lodi a Dawanau sun cika sharaɗi, tunda ƙasar nan ce ta tsiro da su. Haka fatar akuyar gida da aka jeme a Challawa. Amma dilar yadin da ta zo daga Guangzhou, aka kwance ta a Kwari, aka sake naɗewa da sabon tambari, tana nan a kayan China. Sauya kwali, manna suna ko rarraba kaya ƙanana ba sa mayar da su 'yan gida. Kwastam ɗin ƙasar da aka kai kayan za su caje su cikakken kuɗin fito, mota na tsaye a boda, kuɗin dako na ƙaruwa. Wannan ƙa'ida daidai take, domin in babu ita, masana'antun waje ne za su ci moriyar yarjejeniyar da sunanmu.

Mai son fitar da kaya ya yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya samu shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, ya cike fom ɗin NXP, na bayyana kayan da za a fitar da kuɗinsu, ta bankinsa, sannan ya nemi takardar shaidar asalin kaya. Amfanin gona yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga hukumar duba lafiyar amfanin gona, NAQS. A tabbata suna, nauyi da lambar kaya ta kwastam sun zo ɗaya a kan rasit da sauran takardu, domin ɗan saɓani kaɗan ya isa a riƙe tirela kwana da kwanaki.